Hanyar Zama Cikakken Malamin Makaranta: Rajista, Lasisi, Reno da Ƙarin Girma

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'armu na karkara, musamman iyayen da 'ya'yansu ke son shiga aikin koyarwa, da sababbin malamai, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda takardun malamai ke bi ta hannunsu. Sau da yawa akan ɗauka cewa da zarar yaro ya gama kwaleji ya karɓo takardarsa, shi ke nan ya zama malami. A wajen doka ba haka abin yake ba. Akwai matakai da ake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mataki yana da takardarsa da hukumar da ke da alhakinsa. Wanda ya tsallake ɗaya, yakan zo ya tarar da shi a gaba, wani lokaci bayan ya yi asarar shekaru.

Takardar da ake shiga aiki da ita

Horar da malamai a Arewa tsohon abu ne. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ita ce ta yaye Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, kuma dukkansu sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Daga baya takardar malanta mai daraja ta biyu ta zama ita ce ƙashin bayan makarantun firamare, musamman lokacin da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976.

Wannan zamani ya wuce. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta faɗa a sarari cewa mafi ƙarancin takardar da za a shiga aikin koyarwa da ita, ita ce takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE. Karatun shekara uku ne a kwalejin ilimi, kuma Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhajarsa da tantance kwalejojin da ke bayar da shi. A cikin karatun akwai koyarwar gwaji, inda ake tura ɗalibi wata makaranta ya koyar, malamansa na kwaleji kuma su riƙa zuwa suna duba shi.

Hanya ta biyu ita ce digiri a fannin ilimi daga jami'a. Amma wanda ya yi digiri ko babbar difloma a wani fanni dabam, kamar lissafi ko aikin gona, komai zurfin iliminsa, sai ya ƙara da difloma ta koyarwa, kamar PGDE, kafin a lissafa shi cikin ƙwararrun malamai. Sanin abu dabam, iya koyar da shi dabam. Bugu da ƙari, mai digiri yana buƙatar takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafe masa, alhali mai NCE ba a neman wannan daga gare shi.

Rajista da lasisi

Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin tantance wane ne malami ita ce Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wato TRCN. An kafa ta da Dokar Soja mai lamba 31 ta 1993. Aikinta ya yi daidai da na hukumomin da ke yi wa likitoci da injiniyoyi rajista, kuma ikonta ya shafi makarantun gwamnati da masu zaman kansu, tun daga firamare har zuwa sama.

Hukumar ta kasa malamai gida huɗu bisa ga takardunsu. Rukunin A na masu digirin digirgir ne, rukunin B na masu digiri na biyu, rukunin C na masu digiri na farko, sai rukunin D na masu NCE. A kowane rukuni sharaɗin ɗaya ne, wato mutum ya kasance yana da takardar koyarwa. Kuɗin rajista ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni.

A da, takardun makaranta kaɗai ake gabatarwa. Daga 2017 aka shigo da jarrabawar tantance ƙwarewa, wadda ake yi ta kwamfuta, kuma sai wanda ya ci ta ake yi wa rajista. Wannan shi ne wurin da 'ya'yanmu na karkara suka fi shan wahala, ba don rashin sanin amsa ba, sai don wasunsu ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Muna shawartar duk mai shirin jarrabawar da ya nemi inda zai saba da na'urar tun da sauran lokaci. Wanda bai yi nasara ba yana da damar sake zama a karo na gaba.

Ya kamata a bambanta takardu biyu da ake yawan haɗawa. Takardar rajista sau ɗaya ake bayar da ita, tana ɗauke da lambar malami. Lasisin koyarwa kuwa sabunta shi ake yi duk bayan shekara uku, kuma ana sa ran malami ya nuna cewa ya halarci bita ko kwas na ƙara sani a tsakanin wannan lokaci. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta taɓa sanya ranar 31 ga Disamba, 2019 a matsayin wa'adin ƙarshe ga malaman da ba su da rajista. Ita kanta dokar ta mayar da koyarwa ba tare da rajista ba laifi, wanda ake iya cin mutum tara ko a ɗaure shi a kansa. Har ila yau, dokar ta tanadi kwamitin bincike da kwamitin ladabtarwa, waɗanda ke da ikon jan kunnen malami ko soke sunansa daga rajista idan aka same shi da aikata abin da ya saɓa wa mutuncin aikin.

Ɗaukar aiki da lokacin gwaji

Rajista ba aiki ba ce, izini ne na neman aiki. Malaman firamare na ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, tare da Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma wadda Sakataren Ilimi ke shugabanta. Wannan tsari ya samo asali ne daga shirin ilimin bai ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da kuma dokarsa ta 2004. Malaman babbar sakandare kuwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi da hukumar da ke kula da malaman sakandare.

Bisa al'adar aikin gwamnati, mai NCE yakan fara a matakin albashi na 07, mai digiri kuma a mataki na 08. Takardun da aka saba nema sun haɗa da:

1. Takardun makaranta tun daga firamare, na asali da kwafinsu.
2. Takardar rajista da lasisin koyarwa.
3. Takardar shaidar ƙaramar hukuma.
4. Takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru.
5. Takardar likita mai nuna ƙoshin lafiya.

Muna jan hankalin iyaye cewa ba a sayar da takardar kama aiki. Duk wanda ya ce a sayar da sa ko gona a kawo masa kuɗi zai samo wa yaro aiki, to a guje shi, a kuma kai rahotonsa ofishin Sakataren Ilimi ko wurin hakimi.

Sabon malami yakan yi shekara biyu a matsayin gwaji kafin a tabbatar da shi. Ranar da ya isa makarantar da aka tura shi, shugaban makaranta ya rubuta takardar shaidar ya kama aiki, domin daga nan ne lissafin shekarunsa ke farawa. Idan shekara biyu suka cika, kada malami ya zauna jiran takardar tabbatarwa ta zo da kanta. Ya rubuta neman ta ta hannun shugaban makarantarsa, domin wanda ba a tabbatar ba, ba a yi masa ƙarin girma, kuma da wuya a ba shi hutun ƙaro ilimi.

Renon sabon malami

Wannan mataki ba shi da satifiket, amma a ganinmu shi ne ya fi kowanne tasiri. Kwaleji tana koya wa ɗalibi dabarun koyarwa, amma ba ta iya nuna masa yadda zai yi da aji mai cike maƙil ba kujeru, ko yadda yara ke raguwa ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi, ko yadda ake shawo kan uban da ke son cire 'yarsa daga makaranta. Waɗannan sai a bakin wanda ya daɗe a aikin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka muna kira ga kowane hedimasta da ya haɗa sabon malami da wani gogaggen malami tun makon farko. Aikin mai renon shi ne ya duba tsarin darasin sabon kafin ya shiga aji, ya nuna masa yadda ake cike rajistar ɗalibai da littafin aikin mako, ya bar shi ya zauna a bayan ajinsa ya ga yadda yake koyarwa, sannan shi ma ya shiga ajin sabon ya saurara. Gyara a keɓe ake yin sa, ba a gaban yara ba. Malamin da aka kunyata a gaban ajinsa yakan daɗe bai dawo da kwarjininsa ba.

Bai dace a ɗora wa sabon malami aji ɗaya na firamare shi kaɗai don ganin cewa yaran ƙanana ne ba. A nan ne ake kafa harsashin karatu da rubutu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ajin farko na buƙatar hannun da ya ƙware.

Jami'an ƙaramar hukuma masu zagayen makarantu su tuna cewa ziyararsu ta taimako ce kafin ta zama ta kama laifi. Haka kuma wajen zaɓen masu zuwa bita. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar asusun Gwamnatin Tarayya domin ilimin bai ɗaya, kuma wani kaso daga ciki na horar da malamai ne. Idan fuskoki ɗaya ne ke zuwa kowace bita, an hana sababbi haƙƙinsu, an kuma hana su abin da za su sabunta lasisi da shi.

Jama'ar gari ma suna da nasu rabon. Dagaci da mai unguwa da kwamitin kula da makaranta za su iya sama wa baƙon malami masauki, su gabatar da shi ga iyaye, su kula da tsaron lafiyarsa, musamman idan mace ce. Malamin da aka karɓa hannu biyu ba ya gaggawar neman canjin wurin aiki.

Ƙarin girma

Ƙarin girma ba ya zuwa don tsufa a aiki kawai. Bisa ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci daga mataki na 07 zuwa na 14 yakan yi aƙalla shekara uku a kan kowane mataki, daga na 15 zuwa sama kuma shekara huɗu. Cikar shekaru na ba shi damar a duba shi ne. Bayan haka ana duba fam ɗin tantance aikinsa na shekara-shekara wanda shugabansa ke cikewa, da sakamakon jarrabawa ko ganawar ƙarin girma, da samuwar gurbi, da kuma tabbatar da cewa babu wata tuhuma a kansa da ba a warware ba.

A nan ne sakacin ofis ke cutar da bayin Allah. Fam ɗin shekara guda da ba a cike ba, ko fayil da aka bari a ƙarƙashin tebur, na iya jawo wa malamin ƙauye jinkirin shekaru, alhali takwaransa na birni da ke kusa da ofis ya wuce. Muna tunatar da jami'ai cewa amana ce a wuyansu. Shi kuma malami ya ajiye kwafin kowace takarda a gida: ta kama aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, da ta kowace bita.

A jihohi da dama mai NCE kan tsaya a mataki na 14 har sai ya ƙaro digiri. Hanyoyin ƙaro ilimin a buɗe suke. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana koyarwa daga nesa a cibiyoyinta na jihohi ba tare da malami ya bar aikinsa ba. Jami'o'i na da karatun lokacin hutu, kuma wata doka ta 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri. Sharaɗi guda shi ne a nemi izini a rubuce kafin a tafi. Takardar da aka samo ba da izini ba, hukuma na iya ƙin amfani da ita, kuma barin aji ba izini laifi ne da kan kai ga kora.

Game da ƙarshen aiki, dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta mayar da ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa, maimakon 60 da 35 na sauran ma'aikata. Jihohi na aiwatar da ita ta hanyar nasu dokoki da sanarwa, don haka malami ya bi abin da takardar hukumarsa ta ƙunsa.

Kammalawa

Iyaye na da ikon tambayar hedimasta, cikin ladabi, ko malaman 'ya'yansu na da rajista. Sabon malami na da haƙƙin a rene shi, a tabbatar da shi a kan lokaci, a kuma duba fayil ɗinsa idan shekarunsa sun cika. Duk mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin Hukumar Rajistar Malamai da ke babban birnin jiha. Allah Ya sa wa malamanmu albarka, Ya kuma amfanar da 'ya'yanmu da abin da suke koya.