Tarihin Bikin Gudun Bijimai Na Garin Pamplona

A arewacin ƙasar Sifaniya, cikin yankin Nabara, akwai wani tsohon gari mai suna Pamplona. Kowace shekara daga 6 zuwa 14 ga watan Yuli garin kan cika ya batse saboda bikin San Fermin, wanda duniya ta fi sani da gudun bijimai. Sai dai mai karatu zai so ya san cewa asalin bikin ba gudu ba ne. Al'adu uku ne dabam-daban suka haɗu wuri guda.

Ta farko ta addini ce. Kiristocin garin suna girmama wani waliyyinsu mai suna Fermin, wanda ruwayarsu ta ce shi ne bishof ɗinsu na farko, kuma an fille masa kai a garin Amiens na Faransa wajen shekarar 303. Da wannan ake danganta jan ƙyallen da mahalarta ke ɗaurawa a wuya bisa fararen tufafi. Ta biyu ita ce kasuwar dabbobi ta lokacin zafi. Ta uku kuwa wasan sukar bijimi ne a fage. A da, a watan Oktoba ake bikin waliyyin, amma ruwa da sanyi suka riƙa ɓata shi. Don haka a 1591 aka mayar da shi 7 ga Yuli, ya haɗu da sauran biyun.

Shi kansa gudun, larura ce ta haife shi. Dole ne a koro bijimai daga garke zuwa fagen wasa ta cikin lungunan gari. Sannu a hankali samari suka fara shiga gabansu don gwada jarunta, har abin ya zama al'ada. A yau, da ƙarfe 8 na safe daga 7 zuwa 14 ga wata, akan saki bijimai 6 tare da wasu dandaƙaƙƙun shanu masu ja musu gora. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗaya ba, kuma yawanci cikin minti 2 zuwa 3 an gama. Da yamma a soke bijiman nan a fage, su mutu a gaban 'yan kallo.

To, yaya aka yi bikin gari ɗaya ya zama na duniya? A nan ne alƙalami ya shigo. A 1923 marubucin nan na Amurka, Ernest Hemingway, ya fara halartar bikin, a 1926 kuma ya fitar da littafinsa The Sun Also Rises, wanda babban ɓangarensa ke gudana a can. Waɗanda suka karanta suka yi sha'awar gani da ido. Ga masu masauki da gidajen abinci, abin nema ya samu. A 1968 har gunkin tunawa aka kafa masa kusa da fagen.

Amma cunkoson baƙi ya ƙara haɗarin gudun, domin da yawansu ba su san halin bijimi ba. Daga 1910 mutum 16 suka rasa rayukansu a gudun, na baya-bayan nan a 2009. Masu kare haƙƙin dabbobi kuma sun daɗe suna kiran wasan sukar zalunci. Majalisar yankin Kataloniya ta haramta shi a 2010, kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2016. A Pamplona dai ana ci gaba, ko da yake annobar korona ta hana bikin a 2020 da 2021.

Darasin da ke nan gare mu marubuta a fili yake. Hemingway labari ya zauna rubutawa, ba talla ba, amma ga shi shekara ɗari ke nan garin yana girbar abin da ya shuka, daɗinsa da ɗacinsa. Duk wanda zai siffanta al'adar wasu mutane, ya tuna cewa bayan ya ajiye alƙalami su ne za su zauna da abin da ya rubuta.