Daga Ƙosai Zuwa Biskit: Yadda Kuɗin Tara Ya Sauya a Naraguta

Mu da muka yi firamare a Naraguta a ƙarshen shekarun 1980 mun san abin da kuɗin tara ke saye: ƙosai mai zafi, ƙuli-ƙuli, dafaffiyar gyaɗa, wani lokaci soyayyen dankalin turawa irin na Bokkos da Mangu. Iyayenmu ba su karanci ilimin abinci ba, amma wake da gyaɗa suke ba mu, masu gina jiki. Biskit kuwa, duk da kamfanin NASCO yana nan Jos tun 1963, sai da sallah ko in baƙo ya zo da tsaraba.

Abin ya juya a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka fara sarrafa Indomie a Ota. Leda mai kala ta mamaye shaguna, ga alewa, ga lemun kwali. Yau yaro kan ɓoye ƙosansa don kada abokai su yi masa dariya, mu kuma mu saya masa zaƙi don a zauna lafiya. Laifin namu ne.

A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kowane yaro. Kuɗin ya yi kaɗan, amma mun lura ranar da ake raba ƙwai ajin kan cika. An dakatar da shirin a Janairun 2024, nauyin ya dawo kanmu.

Wasu iyaye mata a unguwa yanzu suna yanka awara ƙanana, su barbaɗa yaji, su haɗa da ayaba guda. Kwanon babu komai yake dawowa.