Fitattun mutanen Wurno, Rabah da Goronyo: daga ribaɗin Bello zuwa Firimiyan Arewa

Wurno gari ne da ke kan tudu a arewa maso gabashin birnin Sakkwato, yana kallon fadamar Gulbin Rima. A yau an fi saninsa da shinkafa da albasa da tafarnuwa, kamar maƙwabtansa Achida da Giyawa da Shinaka da Goronyo. Rabah kuwa tana kudu da shi, a bakin Gulbin Sakkwato. Baƙon da ya ratsa wannan yanki ranar kasuwa ba lalle ya gane cewa daga nan aka riƙa juya akalar Daular Usmaniyya na tsawon shekaru masu yawa a ƙarni na 19 ba, ko kuma cewa a nan aka haifi mutumin da ya zama Firimiyan Jihar Arewa na farko kuma na ƙarshe.

Akasarin waɗanda tarihi ya danganta da Wurno ba a cikinta aka yanke musu cibi ba. Yaƙi ne da ilimi da mulki suka kawo su, kuma mutum guda ne ya buɗe musu ƙofa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837)

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sun sake haɗa ƙarfi da Katsinawan Maraɗi da wasu daga cikin Abzinawa, suna kawo hari ta kwarin Rima. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya gaji mahaifinsa a 1817, ya ga cewa zama a Sakkwato ana jiran labarin hari ba zai fisshe shi ba. Sai ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma da masu sana'a a ciki, su yi tsaro suna noma suna karatu. Ya fara da Magariya, inda Baturen Ingila Hugh Clapperton ya same shi, sannan a ƙarshen shekarun 1820 ya gina Wurno ya mai da ita mazauninsa.

Bello malami ne kafin ya zama sarki, kuma sarauta ba ta raba shi da alƙalami ba. Littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, har gobe shi ne madogara ta farko ga mai neman tarihin jihadi. Ya yi rubutu kan siyasar mulki da tasawwufi da magunguna, har da na ciwon ido da na basir, ya kuma rubuta littafi musamman kan ribaɗi da gadin iyaka. Wato abin da ya gina a Wurno ya riga ya kafa masa hujja a takarda.

A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi, Rauda, suka kwanta dama. Wannan nasara ta ba shi damar ƙara ribaɗoɗi a gaba, ciki har da Shinaka da ke ƙasar Goronyo ta yanzu, wadda ya danƙa wa ɗansa Aliyu. Bai daɗe bayan haka ba ya rasu a Wurno, a watan Oktoban 1837, aka binne shi a can. Hubbarensa ne babban abin da ke kai maziyarta garin har yau.

Cikin baƙin da suka zauna tare da shi a shekarunsa na ƙarshe akwai Alhaji Umaru Futi, shehin Tijjaniyya daga ƙasar Senegal, wanda ya yada zango a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka. Ya yi shekaru a wurin Bello, ya auri 'yarsa, ya halarci yaƙi tare da shi. Bayan rasuwar Bello ya koma yamma ya ɗaga tutar jihadinsa, har ya ci Segu a 1861.

Nana Asma'u, Gidado da Maryam

Ba za a yi maganar fadar Bello a bar Waziri Gidado ɗan Laima da matarsa Nana Asma'u ba. Gidado shi ne amini kuma wazirin Bello, shi ya sauki Clapperton, kuma bayan rasuwar ubangidansa ya zauna ya rubuta tarihin Shehu da na Bello daga abin da idonsa ya gani. Daga tsatsonsa da Asma'u wazirancin Sakkwato ya ci gaba.

Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, 'yar Shehu ce, ƙanwar Bello. Ta yi waƙe da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta waƙe nasarar Gawakuke, ta yi wa Bello marsiyya. Amma aikinta da ya fi shiga rayuwar talakawa shi ne 'yan taru. Ribaɗoɗi irin su Wurno sun cika da matan da yaƙi ya kawo, da yawansu ba su san komai na addini ba sai bori. Asma'u ta zaɓi dattijan mata ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle alamar izini, su tattaro matan ƙauyuka su kawo su karatu, su koma da waƙoƙin da ke koyar da tsarki da salla da zaman aure da kyautata wa maƙwabci. Kabarinta yana Sakkwato kusa da na mahaifinta, sai dai zamanta da Gidado ya rabu tsakanin birnin da Wurno.

Wadda ta fi ta zama 'yar Wurno ita ce ƙanwarta Maryam, kuma ita ce aka fi mantawa. Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, da ya rasu a 1846 ta dawo gida, daga baya ta gaji ragamar 'yan taru tana zaune a Wurno. Ta yi tsawon rai har ta zama uwa ga sarakunan da suka biyo baya, ana jin maganarta a Sakkwato da Kano. A shekarun 1880, lokacin da labarin Mahadin Sudan ya sa jama'a suka fara tattara komatsai suna nufar gabas, ta rubuta wa Sarkin Kano takarda tana cewa lokacin hijirar da mahaifinta ya ambata bai yi ba, a hana mutane tafiya. Tsohuwa ce a ɗakinta, amma takardar tata ta shiga cikin abubuwan da masana ke kafa hujja da su kan wancan zamani.

Aliyu Babba da baƙonsa

Abubakar Atiku, ƙanen Bello da ya gaje shi daga 1837 zuwa 1842, bai zauna Wurno ba. Aliyu Babba ɗan Bello, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ya mai da fada garin mahaifinsa. A zamaninsa ne, a 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Wurno ya yi makonni, ya kuma sake tsayawa a 1854 da ya dawo daga Tumbuktu. Bayanin da ya bari ya nuna sarki mai sauƙin kai da fara'a, da kuma gari da ke kwana cikin shirin harin Gobirawa.

A wannan tafiya Barth ya haɗu da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, mai makaranta a Salame, wanda ya ɗauka a matsayin mafi ilimin mutanen zamaninsa a ƙasar. Ɗan Tafa ya yi rubutu kan tarihin ƙasar Hausa da falsafa da tasawwufi, ya rasu a 1864.

Rabah da Gandi

Rabah ma ribaɗi ce ta gidan Bello. Ɗansa Abubakar ya zauna a cikinta har sunanta ya bi shi, ana ce masa Abubakar Atiku na Rabah don a bambanta shi da baffansa. Ya zama Sarkin Musulmi a 1873, ya rasu a 1877. Sarautarsa gajera ce, amma ta wajensa ne Rabah ta sami gidan da zai haifi Sardauna.

Gandi, da ke ƙaramar hukumar Rabah a yau, ta fitar da mutum mai labari dabam. Hayatu ɗan Sa'idu jikan Bello ne, malami, ya riƙe ribaɗin Gandi kafin al'amura su ɓaci tsakaninsa da mutanen garin. Wajen ƙarshen shekarun 1870 ya bar ƙasar Sakkwato ya nufi Adamawa, ya kafa zama a Balda, cikin arewacin Kamaru ta yanzu. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a Sudan a 1881, Hayatu ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma. Ke nan jikan Bello ya zama mai kiran jama'a su bar biyayya ga gidan kakansa, kuma irin wannan kira ne takardar Maryam ta tashi tarewa. Ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa, suka ci Barno a 1893. Ƙawancen bai yi ƙarko ba. A 1898, yana ƙoƙarin ficewa daga Dikwa, mayaƙan Fadlallah ɗan Rabe suka cim masa suka kashe shi. Ɗansa Sa'idu ya ci gaba da jagorancin Mahadiyya, Turawa suka kama shi a 1923 suka tsare shi shekaru masu yawa a Kamaru, ya ƙare rayuwarsa a Kano.

Abin takaici, Gandi da aka gina don ta tsare iyaka ita ce ta zama matattarar 'yan gudun hijira a 2018 bayan harin 'yan bindiga a ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar yadda kasuwar Goronyo ta ga nata tashin hankalin a watan Oktoban 2021.

Sarakunan ƙarshe a Wurno

Umaru ɗan Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1891, a Wurno ya karɓi Joseph Thomson a 1885, wakilin kamfanin Ingila da ya zama Royal Niger Company. Takardar da Thomson ya koma da ita Turawa sun fassara ta a matsayin miƙa musu iko a bakin Kwara da Binuwai, alhali a fada ba a ɗauke ta fiye da izinin ciniki ba. Abdurrahman ɗan Atiku, da ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafinsa, shi ya biyo baya. Dagewarsa kan naɗa Tukur sarautar Kano a 1893 ce ta kunna wutar Basasa. Ya rasu a watan Oktoban 1902, watanni biyar kafin sojojin Lugard su ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Daga nan fada ta tabbata a birni, Wurno ta koma gundumar hakimi.

Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato (1910–1966)

Shi ne ɗan yankin na haihuwa da sunansa ya fi kowa tafiya. An haife shi a Rabah a 1910, wasu na cewa 1909. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello, ɗan Shehu. Ya yi makarantar lardi a Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina a 1926 ya fito a 1931, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, sannan a 1934 aka naɗa shi hakimin garinsu. Shekara huɗu ya yi yana karɓar haraji da sasanta manoma da makiyaya a bakin gulbi, kuma a littafin tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962 ya ba ƙuruciyarsa a Rabah wuri mai faɗi.

A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi bai samu ba, aka zaɓi Abubakar na Uku. Shi kuma aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. Dangantakarsa da fada ta yi tsami har aka gurfanar da shi kan kuɗin jangali a 1943, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Wanda ya rasa gadon kakanninsa sai ga shi ya sami abin da ya fi shi faɗi: shugabancin jam'iyyar NPC da kujerar Firimiyan Arewa a 1954. Ya zaɓi zama a Kaduna, ya bar wa Abubakar Tafawa Ɓalewa Legas. Ranar da Arewa ta karɓi mulkin kanta, 15 ga Maris, 1959, ta dace da ranar da Sakkwato ta faɗi shekara 56 kafin nan, kuma jikan Bello ba zai rasa lura da haka ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962, da Bankin Arewa, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna, da jaridar New Nigerian, duk a zamaninsa aka kafa su. Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna daren 15 ga Janairu, 1966, tare da uwargidansa Hafsatu. Hotonsa ne a takardar naira 200.

Na baya-bayan nan

Alhaji Shehu Malami, wanda aka haifa a 1937, ɗan gidan sarautar Sakkwato ne da ya riƙe sarautar Sarkin Sudan na Wurno shekaru masu yawa. Ya yi fice a harkar kamfanoni da bankuna, ya rubuta tarihin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya kuma yi jakadancin Najeriya a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. Ya rasu a Alƙahira a watan Disamban 2022. Daga Goronyo kuma akwai lauya Bello Muhammad Goronyo, wanda aka naɗa ƙaramin ministan albarkatun ruwa a 2023, ma'aikatar da madatsar ruwan garinsu ke ƙarƙashinta, kafin a mai da shi ma'aikatar ayyuka a 2024.

Kusan duk waɗanda aka ambata daga gida ɗaya suka fito ko a inuwarsa suka tashi, domin masu alƙalami su suka rubuta tarihi, kuma nasu suka rubuta. Wanda ya shiga bakin jama'a ba ta wannan ƙofa ba shi ne Muhammadu Bawa Ɗan'anace, makaɗin maza da ake danganta shi da ƙasar Gandi. Da kalangu ya yi suna, yana zuga 'yan dambe da manoma, kuma waƙarsa ta Shago har yanzu ana sa ta a gidajen rediyon Arewa, ana nazarinta a sassan Hausa na jami'o'i.