Injin turbo da injin da ba shi da turbo: bambancinsu, da abin da ya kamata mai sayen mota a Lome ya sani

A filayen sayar da motoci da ke kewaye da tashar jiragen ruwa ta Lome ake sauke tsoffin motocin Turai, Amurka da Asiya, waɗanda a Togo ake kira "venues de France", a Najeriya kuma tokunbo ko 'yan Kwatano. Da yawa daga cikinsu ba sa zama a Togo. Suna kama babbar hanya ta ɗaya, su wuce ta gefen Zongo, unguwar da aka tayar daga tsakiyar birni a 1977 aka mayar da ita arewa, su nufi Cinkassé, daga can Burkina Faso, Nijar ko Mali. Cikin dillalai, direbobi da masu saye akwai Hausawa da dama, kuma tambayar da suke ƙara cin karo da ita ita ce: wannan mai turbo ce ko ba ta da shi? Amsar tana shafar kuɗin mai, kuɗin gyara da tsawon rayuwar motar.

Yadda inji yake shaƙar iska

Inji yana ƙona cakuɗar mai da iska ne a cikin silinda. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar iska wajen kilo 14.7. Saboda haka ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan iskar da ta shiga, domin ƙara mai ba tare da ƙara iska ba hayaƙi kawai yake kawowa.

Injin da ba shi da turbo, wanda takardun Faransanci suke kira "atmosphérique", yana zuƙar iska da kansa: fistin ya sauka, iskar waje ta cika gurbin. Idan ana son ƙarin ƙarfi daga irin wannan inji, hanya biyu ce, ko a ƙara masa girma ko a sa shi juyawa da sauri.

Turbo kuwa fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ta biyun kuma tana matsa iska mai tsabta zuwa cikin silinda. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin mai yana bin hayaƙi ya tafi a banza, turbo yana ƙwato wani abu daga ciki. Sandar takan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin fetur da ke bugun ta kuma zafinsa yakan kai digiri 900. Da yake matsa iska yana ɗumama ta, akan haɗa da wata na'ura mai kama da lagireto, intakula, wadda take sanyaya iskar kafin ta shiga inji.

Taƙaitaccen tarihi

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. An fara cin moriyarta a jiragen sama, jiragen ruwa da manyan injunan gas. Ƙananan motoci na farko masu turbo sun fito a Amurka a 1962, wato Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. A Turai motocin gudu ne suka yi masa suna: BMW 2002 Turbo a 1973, sai Porsche 911 Turbo a 1975. Renault ta shigar da shi gasar tsere ta Formula 1 a 1977, ta ci nasarar farko da shi a 1979. An haramta shi a gasar daga 1989, ya dawo a 2014.

Abin da ya sa ya bazu a motocin gida shi ne dokar Tarayyar Turai ta 2009, wadda ta tilasta wa kamfanoni rage hayaƙin da sababbin motoci suke fitarwa. Kamfanonin suka rage girman inji, suka cike giɓin da turbo. Injin Ford mai lita 1.0 da silinda 3 da ya fito a 2012 yana ba da ƙarfin da a da sai inji mai lita 1.6. Motocin wannan zamani su ne yanzu suka tsufa a Turai suke sauka Lome.

Darasi daga motocin gudu

Bambancin ya fi fitowa fili a motocin gudu, inda kamfani ɗaya ya gwada hanyoyin biyu. Ferrari 458 Italia tana da inji mai lita 4.5 marar turbo, mai ƙarfin doki 570, wanda sai ya kai juyi 9,000 a minti yake ba da shi duka. Magajiyarta, 488 GTB ta 2015, an rage mata inji zuwa lita 3.9 aka sa mata turbo biyu, ƙarfin ya hau zuwa doki 670. Ƙarfin murɗa, wanda shi ne direba yake ji yana tura shi cikin kujera, ya tashi daga 540 Nm a juyi 6,000 zuwa 760 Nm a juyi 3,000 kacal. A gwajin Turai na lokacin, shan mai ya sauka daga lita 13.3 zuwa 11.4 a kilomita 100.

Duk da haka injin marar turbo bai rasa masoya ba. Porsche ta mayar da 911 Carrera mai turbo a 2015, amma ta bar GT3 da inji marar turbo. Dalili shi ne irin wannan inji yana amsa totur nan take, ƙarfinsa yana hawa daki-daki, direba ya san abin da zai samu a kwana. Turbo kuwa sai hayaƙi ya taru ya juya fankar kafin ƙarfin ya zo. Wannan ɗan jinkiri ya ragu sosai a injunan zamani, amma bai ɓace ba, kuma mai shirin wuce tirela a kan hanyar Atakpamé zai iya jin sa.

Wanne ya fi tsimin mai?

Ƙaramin inji mai turbo yana tsimi ne muddin ana tafiya a hankali, domin a lokacin ƙaramin inji ne kawai yake aiki. Da zarar an take totur, ko an cika mota da kaya da fasinja, turbo ya tura iska mai yawa, mai ma ya ƙaru daidai da ita. Wasu injunan fetur har ƙarin mai suke zubawa don su sanyaya kansu idan sun ɗau zafi. Shi ya sa lambar da aka rubuta a takardar mota takan yi nisa da abin da direba yake gani a doguwar tafiya da lodi da na'urar sanyi a kunne.

A injin gas lissafin ya bambanta. Injin gas ba ya fama da matsalar fashewar mai kafin lokaci, don haka turbo yana ƙara masa ƙarfi da tsimi gaba ɗaya. Kusan duk tirelolin da ke tsayawa a Terminal du Sahel kafin su hau arewa masu turbo ne, haka ma Hilux mai gas ta zamani. A wurare masu tsayi ma turbo yana da amfani, domin injin marar turbo yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau. A Lome, da ke bakin teku, wannan ba ya tasiri.

Mai, zafi da ƙura

Abubuwa uku ne suke gajiyar da turbo a ƙasashenmu. Na farko baƙin mai. Sandar turbo a kan siririn mai take shawagi, idan an jinkirta juye ko an zuba mai maras kyau, ita ce take fara lalacewa. Na biyu fetur. Yawancin injunan turbo na Turai an ƙera su ne don fetur mai lamba 95. Fetur mai rauni ko gauraye, irin na kwalba da ake kira "boudè" a Togo, ruwa-ruwa a Nijar, yakan fashe kafin lokacinsa a injin da aka matsa wa iska, ya ci fistin a hankali. Na uku ƙura. Idan matatar iska ta yage a lokacin hunturu, ƙwayoyin yashi suna cin fukafukan fankar. Tsohon inji marar turbo, kamar na Corolla mai lita 1.8 ko injin gas 1HZ na Land Cruiser, ya fi jure waɗannan, kuma kusan kowane bakanike daga Lome zuwa Agadas ya san cikinsa.

Abin dubawa kafin a biya

Haruffan bayan mota sukan nuna turbo: TSI, TFSI da TDI a Volkswagen da Audi, THP da HDi a Peugeot, TCe da dCi a Renault, EcoBoost a Ford, CDI a Mercedes. "Kompressor" da ake gani a wasu Mercedes shi ma yana matsa iska, amma bel ne yake juya shi daga inji.

A tayar da motar tana sanyi a duba salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙonewar baƙin mai, sau da yawa daga turbo. A saurari kuka mai kama da jiniya idan an ba ta wuta. A sa bakanike ya cire tiyon iska ya ga ko mai ya taru a ciki, ya taɓa sandar ya ji ko tana lilo. Bayan saye, a bar inji ya ɗan ɗumama kafin a matsa masa, bayan doguwar tafiya kuma a bar shi yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone.

Wanda zai sha mai a gidan mai, ya yi juye a kan kari, kuma yana da gareji da ya san injunan zamani, zai ji daɗin mota mai turbo. Wanda motarsa za ta yi tasi, ko ta yi jigila a ƙauyukan da mai na kwalba ne kuma bakanike na nesa, inji marar turbo ya fi masa rufin asiri.