Ilimin Injuna Masu Sarrafa Kansu: Wajibin da Ke Kan Kudancin Kano

Duk wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin manyan masana'antun casar shinkafa da suka yawaita a Kano, lalle ya ga wani inji a ƙarshen layi, wanda shinkafa ke kwarara ta cikinsa kamar ruwan indararo, alhali na'urorin ɗaukar hoto suna duban kowace ƙwaya, da zarar sun ga baƙa ko mai tabo sai ɗan bututu ya fesa mata iska ta faɗa gefe. Tsintar da mace za ta yini tana yi da faifai a Tudun Wada, wannan inji kan gama ta kafin a idar da raka'a biyu. Amma ranar da ya tsaya, sau da yawa sai a zauna jiran gwani daga nesa, domin 'ya'yan waɗanda suka noma shinkafar ba a koya musu buɗe cikinsa ba. Abin da nake nufin tabbatarwa a nan shi ne, koyar da samarin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa wannan ilimi ya zama wajibi, kuma hanyarsa ita ce a fara daga injunan da ke gabansu.

Ya kamata mu soma da gyaran suna, domin kuskuren suna kan haifi kuskuren hukunci. Kalmar mutum-mutumi da kafofin labarai suka saba kiran injuna masu sarrafa kansu da ita ta sa waɗansu iyaye suna zaton gunki ake nufi, ko wata sura mai kwaikwayon halittar Ubangiji, alhali kuwa na farkon da aka sa aiki a masana'anta, mai suna Unimate, a kamfanin General Motors na Amurka cikin 1961, hannu ne kawai na ƙarfe, wanda ke ɗauko zubin ƙarfe mai zafi da ke ƙona ma'aikata. Rukunan irin wannan inji uku ne: abin da ke ji, wanda kanikawa ke kira sensa, da ƙaramar kwamfuta mai yanke hukunci, da motar lantarki ko iska ko mai da ke motsa gaɓoɓi. Ilimin kuwa tsohon ɗan gida ne a wurin Musulmi, domin magabata sun san shi da sunan ilmul hiyal. Banu Musa sun yi talifi a kansa a Bagadaza cikin ƙarni na 9, kuma a 1206 al-Jazari ya kammala littafinsa a Diyarbakir, inda ya bayyana injunan ɗebo ruwa, da agogon ruwa, da na'urar zuba ruwan alwala.

Game da hukuncinsa, Imam al-Ghazali ya ƙidaya sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su, irin su noma da saƙa da likitanci da lissafi, cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai tsayuwa da su laifi ya hau kan kowa. Haka nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa shugabanni wasiyya da su kula da maƙera da marina da sauran masu sana'a, su zaunar da su a garuruwa. Idan illar hukuncin, wato dalilinsa, ita ce buƙatar jama'a, to ƙiyasi ya nuna cewa yankin da abincinsa da kuɗinsa suka rataya a wuyan inji, gyaran injin ya shiga sahun waɗannan farillai.

Yankin kuwa ya daɗe da shiga wannan hali. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya zauna da gindinsa, injin ban ruwa da injin casa da injin sussukar masara suka zama kayan gida, ga kuma sola da ta fara maye gurbin fetur a bakin rijiyoyi. Makarantu ma akwai su: Kwalejin Fasaha ta Bagauda tana cikin Bebeji, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil tana aiki tun 2001, Jami'ar Bayero kuma tana da sashen mekatironik, wanda ya haɗa kanikanci da lantarki da kwamfuta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matakin tsakiya, wato ma'aikacin da ya fi yaron shago sanin dalili, ya kuma fi mai digiri sabon hannu, kuma irinsa masana'anta ta fi buƙata, domin bayan injiniya guda ya zana layi, mutane da yawa ne za su raya shi dare da rana.

Tartibin koyarwar, a ganina, ya kamata ya bi usulubin makarantar zaure, inda ba a ɗora wa almajiri Risala sai ya tsallake Ahalari da Ishmawi. Yaro ya fara da wuta da haɗurranta da karatun zanen wayarin; daga nan naɗin motar lantarki da haɗa akwatin makunnai; sa'an nan sensa da bututun iska; sai a ƙarshe ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta wa inji umarni. Sharaɗi ne kowane mataki ya kasance rabinsa a aji, rabinsa a gindin inji mai aiki, wanda don irin haka aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971. Su kuma masu walda da masu gyaran janareta na Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, waɗanda suka ƙware a hannun iyayen gidansu, haƙƙinsu ne a jarraba su a ba su ijaza, tun da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna tana da tsarin shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a shago.

Mai suka zai ce, inji guda yana raba mata da yawa da abincinsu, kuma ƙasar da wuta ba ta zama ba, maganar injuna masu sarrafa kansu ɗora wa kai kayan da ya fi ƙarfin wuya ne. Sukar farko gaskiya ce, kuma bai halatta a yi mata kwaskwarima ba. Sai dai injin ya riga ya iso, kuma mai saye a Dawanau ko Legas ya riga ya saba da shinkafar da ba tsakuwa, saboda haka ƙin koyo ba zai mayar wa matan da aikinsu ba, iyaka dai ya hana 'ya'yansu, maza da mata, aikin da ya maye gurbinsa. Ta biyu kuwa hujja ce a gare mu, domin inda wuta ke rawa nan na'urori suka fi lalacewa, nan kuma mai gyara ya fi daraja.

Akwai izina a Riruwai ta Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza ana fita da ita, ƙarfin na mutanen gari, sanin injin na baƙi, har da aikin ya ja baya aka bar su da ramuka. Idan ba a so shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa su bi sawun kuza, to wajibi ne masu masana'antu su buɗe ƙofofinsu ga ɗaliban Bagauda, ƙananan hukumomin nan huɗu su ɗauki nauyin kayan koyo, malamai kuma su bayyana wa iyaye a kan mumbari cewa yaron da ke riƙe da sufana da na'urar awon wuta farilla yake sauke wa garinsu. Allah Ya sa mu dace.