Kwango 1960: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, mu mutanen Illela mun san shekarar 1960 ta fuska biyu. Maƙwabtanmu na Birnin Ƙonni sun sami mulkin kai ran 3 ga Agusta, mu kuma ran 1 ga Oktoba. To, akwai wata ƙasa da ta riga mu duka, amma murnarta ba ta kai mako guda ba. Ita ce Kwango, wadda Beljiyam ta saki ran 30 ga Yuni.

A ranar nan babu hafsan soja baƙar fata ko ɗaya a ƙasar, babu likita ɗan ƙasa, waɗanda suka gama jami'a kuwa ba su kai 30 ba. Ran 5 ga Yuli soja suka yi bore, Turawan da ke riƙe da ofisoshi suka tsere. Ran 11 ga wata Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga mai arzikin tagulla. Ganin haka, Shugaba Kasavubu da Firayim Minista Lumumba suka nemi agajin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta aiko da soja, har yawansu ya kusa 20,000, da likitoci da malamai da masu kula da filayen jirgin sama. A takarda gwamnati ta 'yan ƙasa ce, amma mabuɗai suna hannun baƙi.

Watan Satumba ya tona wannan asiri. Da Kasavubu ya kori Lumumba, sai jami'an Majalisar suka rufe filayen jirgi da gidan rediyon babban birni, wai don hana fitina. Lumumba, wanda bakinsa ne makaminsa, ya rasa hanyar yi wa jama'a magana. Ran 17 ga Janairu 1961 aka kashe shi a Katanga.

Mu ma da namu a ciki. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tura soja da 'yan sanda. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed sun yi aiki a can, Aguiyi-Ironsi kuma shi ne kwamandan rundunar a 1964, shekarar da ta janye. Sun taimaka ƙasar ba ta rabe ba, wannan gaskiya ne. Amma a Nuwamba 1965 Mobutu ya ƙwace mulki, bai sauka ba sai 1997.

A ganina, a aji aka ci Kwango tun kafin a harba harsashi. Baƙo yana iya tsare ƙofa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka duk lokacin da ƙungiya ta nemi gudummawar benci, ko kuɗin jarrabawar wani maraya, kada mu raina abin. Allah Ya ba ƙasarmu masu riƙe ta daga cikin 'ya'yanta, amin.