Yadda Manajojin Asusun Haɗaka Suka Koyi Zaɓen Jari

Asusun haɗaka, wato asusun da jama'a da dama ke tara kuɗinsu a ciki domin ƙwararren manaja ya saya musu hannayen jari da takardun lamuni, ya samu siffarsa ta yau a birnin Boston na Amurka a shekarar 1924, lokacin da aka kafa Massachusetts Investors Trust, wanda ya ɗauki alkawarin biyan duk mai son ficewa gwargwadon darajar rabonsa. Durƙushewar kasuwa a 1929 ta kassara asusai da yawa da aka gina a kan bashi, dalilin da ya sa dokar Amurka ta 1940 ta tanadi cewa asusun da ke kiran kansa mai rarraba jari ba zai zuba fiye da kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsa a kamfani guda ba, a cikin kashi 75 na abin da ya mallaka.

Manajoji da dama sun zama almajiran Benjamin Graham da David Dodd, waɗanda littafinsu na 1934 ya koyar da cewa a zauna da takardun lissafin kamfani, a ƙiyasta kadarorinsa da bashinsa da ribarsa, sannan a saya in farashin kasuwa ya gaza wannan ƙiyasi da tazara mai yawa, domin tazarar ta kare mai saye idan ya yi kuskure. Aiki ne na haƙuri, kuma har gobe shi ne tushen horon masu nazarin kamfanoni.

Harry Markowitz ne ya karkatar da hankalin masana a 1952, inda ya nuna cewa haɗarin jari yana tattare da yadda hannayen jarin da aka haɗa ke tashi da faɗuwa tare. Manajan da ya sayi kamfanonin jiragen sama goma, ko da kowannensu nagari ne, ya jingina dukiyar jama'a a kan farashin mai kaɗai, alhali wanda ya haɗa kamfanin jirgi da na haƙar mai ya samu abin da zai rage masa asara duk inda farashin ya nufa. Daga nan ne gina jerin jari ya zama fanni mai zaman kansa.

Babban ƙalubale ya zo a 1968, sa'ad da Michael Jensen ya bincika asusai 115 daga 1945 zuwa 1964, ya gano cewa a jimlace ba su fi kasuwa samar da riba ba bayan an cire ladan manaja. Irin wannan hujja ce John Bogle ya riƙe lokacin da kamfaninsa na Vanguard ya buɗe asusu a 1976 mai sayen kamfanonin ma'aunin kasuwa na S&P 500 ba tare da zaɓe ba, kuma ko da yake kimanin dala miliyan 11 kawai ya tara da farko, ƙarancin kuɗin hidimarsa ya ja masa jama'a sannu a hankali. Masu zaɓen jari suna kafa hujja da Peter Lynch, wanda asusun Magellan ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 29 a shekara a hannunsa daga 1977 zuwa 1990, kuma hujja ce ta gaskiya, sai dai irinsa ba su da yawa. Abin damuwa shi ne cewa tun da aka fara auna manaja da ma'aunin kasuwa duk wata uku, tsoron kaucewa ya sa wasu suna sayen kusan abin da ma'aunin ya ƙunsa, suna kuma karɓar ladan zaɓe daga aljihun ƙananan masu ajiya.